Mazagin Tsoho da Takobin Hauni

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya idon? Mama ta ce min na hagun ya ƙara yin hazo, kuma ka ƙi komawa asibiti wai likitan yaro ne. Kawu, duk likitocin yanzu yara ne a wurinka, ka daure ka koma. Yaya gwiwa, yaya shagon kwaɗo da makulli? Ka gaishe min da maƙwabcinka Mai Aski. Na san shi zai karanta maka wannan, tunda ka rantse ba za ka riƙe waya ba, wai tana sa ka ihu duk layi ya ji sirrinka. Ni lafiyata lau, sai ciwon wuya na zaman gaban kwamfuta.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kamfanin da nake wa aikin haɗa hoto ya sayi tsofaffin finafinan tarihi. Muna wanke su, muna gyara sauti, za a nuna su a talabijin. Da aka raba aiki, faifan da aka ajiye a teburina sai ya zama naku, wanda ka fito a hauni, mai sare wa azzalumin sarki kan duk wanda ya nuna da yatsa. Ka san ban taɓa kallonsa ba. Mama ta hana a gida, ni ma da na girma ban nema ba.

Yanzu ina jin ba wanda ya kai ni kallonsa, don hoto bayan hoto nake bi ina goge tabo da zane. Na ga tsayinka a lokacin, na ga yadda kake shigowa fada mutane na ja da baya suna taka ƙafar juna. Wallahi ni da na san kai ka koya min hawa keke, sai da gabana ya faɗi.

Amma akwai wani wuri. An yanke wa wani malami tsoho hukuncin kisa saboda ya ƙi yi wa sarki shaidar zur. Ka ɗauro hannuwansa ta baya, kana jan sa zuwa filin kisa, jama'a sun cika ƙofar gari. Sai mazagin wandonsa ya kwance. Wandon ya fara zamewa, ba shi da hannun da zai riƙe, mutane suka fara dariya. Sai ka tsaya. Ka shiga tsakaninsa da su, ka ba su baya, ka durƙusa ka ɗaure masa mazagin, ka gyara masa hula. Sannan ka tashi ka ci gaba da jan sa, ka kai shi fili ka sare shi. Na yi ta mayar da wurin baya har abokin aikina ya leƙo ya ce ko na'ura ce ta maƙale.

Matsalar ita ce fim ɗin ya fi lokacin da gidan talabijin ya ba mu tsawo, ga tallace-tallace da za a cusa. Manajanmu ya zauna da jan biro ya yi wa wuraren da za a yanke alama, wurin mazagin yana ciki. Ya ce mugu mugu ne, kada a rikita masu kallo. Ya ce ni zan yanke da hannuna. Kawu, ba zan ɓoye maka ba, na sha wuya da sunan nan. A makaranta "'yar gidan Hauni" ake ce min, akwai yarinyar da uwarta ta hana ta zama benci ɗaya da ni. Sau da yawa na yi fatan a ce ba ka taɓa yin fim ɗin nan ba.

Amma ranar da na ga ka durƙusa, sai na ji kunyar wannan fatan. Na gaya wa manaja ba zan yanke ba, ya nemi wani wurin. Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce in je in yi tunani. Ni kuwa na riga na gama tunanina. Abu ɗaya nake so ka gaya min: a rubuce yake a cikin labarin, ko kai ka ƙirƙira? Ina so in san abin da nake karewa.

Direban motar kaya zai kawo maka wannan, tare da maganin shafawa na gwiwa.

'Yarka,
Inna Ƙarama

*

Zuwa ga Inna Ƙarama,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, maganin ma ya iso, an gode. Ido yana nan yadda kika ji, gwiwa tana nan tana halinta. Mamanki lafiya. Mai Aski ne ke rubutawa ni ina faɗa, na kuma gaya masa idan ya sassauta kalma ɗaya zan sani.

Na ji saƙonki. Kin yi fatan a ce ban yi fim ɗin ba, yanzu kuma Allah Ya sa almakashi a hannunki. To ki yanke. Kada ma ki tsaya a mazagi. Ki bi fim ɗin ki cire ni duk inda na leƙo, sarki ya riƙa sare mutanensa da kansa, mu ga ko zai iya ɗaga takobin. Wanda ya fito a sarkin, rawaninsa ma sai an tallafa masa.

Kina ganin ke kaɗai kika sha wuya da sunan? Shekarar da fim ya fito, wata tsohuwa ta tare ni a kasuwa ta tofa min yawu a riga, ta ce Allah Ya isa tsakaninta da ni saboda malamin. Na ce, Iya, malamin yana nan da ransa, jiya ma mun sha shayi tare. Ta ce ƙarya nake, da idonta ta gani. An taɓa sauke ni daga motar haya a tsakiyar hanya don wata mai ciki ta ce ba za ta iya kallon fuskata ba. Wanda ya fito a jarumi ya samu finafinai har ya ƙoshi, ni kuwa duk daraktan da ya kira ni, kafin in zauna ya miƙo min takobi. Da na gaji na buɗe shago. Har yau yaran layin nan idan ƙwallonsu ta faɗo gaban shagona sai su yi cirko-cirko, kowa na tura ɗan'uwansa ya je ya ɗauko.

Duk da haka ban taɓa zuwa gidan rediyo na ce a yafe min ba. Aiki aka ba ni, na yi shi yadda har yau ba a manta ba. Ki tambayi mutane fuskar jarumin ki ji ko za su tuna. Abin da ban zata ba shi ne 'yar da aka sa wa sunan mahaifiyata, wadda na ɗauka a wuya na zaga kasuwa da ita, ita ce za ta rubuto min da kyakkyawan rubutu tana sanar da ni cewa na zame mata abin kunya. Ba sai kin nemi izinina ba. Ki riƙe aikinki, ki faranta wa manajanki.

Kada ki ƙara aiko magani, wanda nake da shi ya isa.

Kawunki,
wanda gari ke kira Hauni

Daga Mai Aski: 'Yata, ki yi haƙuri, ni hannu ne kawai. Tun da na karanta masa takardarki ba ya cin abincin kirki, ko tsokanarsa na yi ba ya ramawa. Bai san na ƙara wannan ba.

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fatan kana lafiya, ina kuma fatan gwiwa ta yi sauƙi ko da ba da maganina ba. Na daɗe ban amsa ba, na sani. Da farko fushi ne ya hana ni, daga baya motar direban ta lalace a hanya, sai yanzu ya dawo aiki.

A tsaye na karanta takardarka a bakin ƙofar ofis. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na dawo na zauna gaban hotonka na ci gaba da goge maka tabo. Ina ta tambayar kaina me na rubuta da ya jawo wannan. Sai da na sake bin amsarka a hankali na lura cewa duk abin da ka amsa yana fuskar farko ta takardata.

Mai Aski, da kai nake yanzu. Takarda tana da baya. Ka nemo ta duk inda ka jefa ta, ka juya, ka karanta wa Kawu abin da ke wurin, da ƙarfi, a kunnen da ya fi ji da shi. Cewa na yi ba zan yanke ba. A gaban mutane na faɗa wa manaja, har yau idan na gaishe shi da ka yake amsawa.

Kuma Kawu, ko da ba a juya takarda ba, haka ka san ni? Ba ni ce na fasa wa wani yaro baki a firamare don ya kwaikwayi tafiyarka ba? Kai ka zo ka ba hedimasta haƙuri, ka yi min faɗa a gabansa, muna fita ƙofar makaranta ka saya min alewa. Shi ke nan, na huce, amma sai da na faɗa.

Yanzu ga albishir, na samo mafita. Tunda lokaci ne damuwarsu, na ce a bar wurin mazagi, a yanke wurin kisan. Na haɗa na nuna masa. Ka durƙusa, ka ɗaure, ka gyara hula, ka ɗago ka dubi tsohon, sai kiɗa mai sanyi ya shigo, hoto ya dushe a hankali. Daga nan sai a ga gari yana makoki, ba a ga hannun da ya yi saran ba. Manaja ya kalla, sannan ya buga tebur ya ce, "Yauwa! Hauni mai tausayi. Da wannan za mu tallata fim ɗin." Ya ce dama masu talla ba sa son jini kusa da sabulunsu. Ranar har kujera ya ce in ja in zauna.

Ka gani? Duk garin da ya tofa maka yawu zai zauna ya ga ko wane ne kai. Mama ma ta ce za ta kalla, ita da ko sunan fim ɗin ba ta so a ambata. Ka amsa min tambayata ta baya, kuma ka ce ka yafe min kalmar da ta yi maka zafi.

Magani yana cikin ƙunshin. Idan ba ka so ka ba Mai Aski, wataƙila wuyan hannunsa ne ya ƙage, shi ya sa ba ya juya takarda.

'Yarka,
Inna Ƙarama

*

Inna Ƙarama,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina lafiya. Na koma asibiti, yaron likitan ya ce hazon irin wanda ake kankarewa ne, kuma na lura yana da ladabi. Gwiwa ta ji maganinki.

An juya takarda. A ƙarƙashin kwalbar man gashi muka same ta. Wai ranar mutane sun cika masa benci, shi ya sa ya yi sauri. Na gaya masa abin da na gaya masa, ya ce wannan kam ba zai rubuta ba. Ni ne na yi saurin fushi, ki yafe wa kawunki. Ba kasafai irin wannan magana ke fita daga bakina ba, don haka ki adana takardar.

Tambayarki. Ba a rubuce yake ba. Mutumin da ya fito a malamin tsoho ne na gaske, tela ne, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba sai a fim ɗin. Wandon da masu kaya suka ba shi ya yi masa yawa. Ranar ana zabga rana, an kwaso jama'a daga unguwanni su cika ƙofar gari. Ina jan sa sai na ji igiyar ta yi nauyi. Na waiga na ga yana tafiya yana haɗa gwiwoyi, idonsa ya cika da ƙwalla. Dariyar da kika ji ba ta wasa ba ce, da gaske suke masa dariya, jikokinsa kuma suna cikin taron. Na jira darakta ya ce a tsaya, bai ce ba. Sai na yi abin da kika gani. Ina durƙushe tsohon ya ce min ƙasa-ƙasa, "Allah Ya rufa maka asiri, ɗana." Na tashi na ja shi zuwa fili, don kyamara tana tafiya.

Da aka gama, darakta ya so a sake ɗauka babu mazagi. Na ce idan za a sake, ya nemi wani haunin. Muka yi ta cacar baki har rana ta faɗi, haske ya tafi, dole ya bar shi yadda yake.

Yanzu ki buɗe kunne. Mafitarki ban yarda da ita ba. Gara min yankan manaja na farko.

Ina yaro, mahaifiyata, mai sunanki, tana da rumfa a bakin titi tana sayar da ƙwai da kayan miya. Wata safiya aka turo ma'aikata su rushe rumfunan wurin. Ɗaya daga cikinsu, wani mai faffaɗar kafaɗa, ya gaishe ta da ladabi, ya ɗauki tiren ƙwan da hannu biyu ya kai gindin bango ya ajiye a inuwa. Ko ɗaya bai fashe ba. Sannan ya dawo ya sa guduma ya ragargaza rumfar, ita tana riƙe da ƙafarsa tana roƙo. Waɗanda suka zo suna zagi duk na manta fuskokinsu, shi kam ban manta ba. Ya san ita mutum ce, ya nuna ya sani, kuma ya rushe. Shi na tuna lokacin da na tashi daga durƙuson nan na sake kama igiya.

Idan aka cire mazagin, hauni ya zama dodo. Mai kallo ya tsine masa ya je ya kwanta hankali kwance, tunda shi ba dodo ba ne. Wannan rashi ne, amma zan iya haɗiyewa. Idan kuwa kika cire saran, kin ce wa duk mai ɗaukar umarnin zalunci ya gyara wa mutum hula kawai, sauran ba laifinsa ba ne. Malamin fa ya mutu, Inna Ƙarama. Wanda ya rufa masa asiri shi ya kashe shi. Hannu ɗaya ne, a bar shi ɗaya.

Na san don ni kika yi, Allah Ya yi miki albarka. Amma ni mai sayar da kwaɗo ne, ba na bukatar kiɗa ya wanke ni. Shekara da shekaru ana tsanata a kan aikin da na yi da kyau, ban mutu ba. Ba zan yarda da tsufana a so ni a kan ƙarya ba.

Ban ce ki jefar da aikinki ba, ki ji ni da kyau, kuma na sa Mai Aski ya maimaita min wannan layin don kada a sake samun matsala. Idan an fi ƙarfinki ki bar su su yi. Kada dai ki ce da yawuna.

Kawunki

*

Kawuna,

Ina gaishe ka da kyau. Na ji daɗin labarin asibiti, Allah Ya sa a dace. Ni lafiya lau, wuyana ma ya huta, za ka ji dalili.

Takardarka sai da ta ɓata min rai kafin ta gyara min shi. Na zauna na sake kallon haɗin da nake alfahari da shi, kiɗan nan da dushewar hoto, sai na ga kamar na shafa wa gawa hoda. Washegari na yi wani haɗin. Mazagi yana nan, sara yana nan. Na rage daga doguwar rawar fada, da wurin da jarumi ke ta zagaye tsauni ɗaya a kan doki kamar wanda ya ɓata hanya. Lokaci ya yi daidai cif. Na kai wa manaja.

Ya kalla ya ce, "Ina wancan mai daɗin?"

Na ce, "Na janye shi, yallaɓai. Mai wasan bai yarda ba, ni ma na ga kuskurena."

Ya ce, "Mai wasan? Ashe yana da rai?"

Na ce, "Yana da rai. Kawuna ne."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira na ofishin kusa ya zo ya ga 'yar gidan Hauni. Ka ga sunan ya biyo ni har nan. Wannan karon ban fasa bakin kowa ba. Na ce, "Ƙwarai kuwa, ni ce."

Sannan ya daina dariya. Ya ce fim na kamfani ne ba na kawuna ba, an riga an buga talla da hoton durƙuson, kuma wancan haɗin yana cikin kwamfutar kamfani. Ya ce in sa hannu a aika. Na ce hannuna ba zai hau ba, kuma a cire sunana daga cikin waɗanda suka yi aikin. Ya ce wadda ba ta sa hannu ba ta da tebur a nan. Na cire katin shiga daga wuyana na ajiye masa kusa da jan bironsa, na ɗauki kofina da ɗan matashin da nake jingina da shi, na fito. Abokin aikina ya biyo ni yana cewa in koma in ba da haƙuri, ai hoto ne kawai. Na ce to shi ya sa hannun.

Na ji abin da ka ce game da aiki, har layin da aka maimaita. Wannan shawarata ce, kada ka ɗora wa kanka.

Don haka abin da za a nuna ranar Asabar da yamma shi ne haɗina na farko, wanda ka ƙi. Ni na ƙera musu shi da hannuna, wannan ne ke ci min rai. Idan ba za ka iya kalla ba, ka rufe shago ka tafi gida.

Kada ka gaya wa Mama zancen aiki tukuna. Wani mai ɗaukar hoton taro ya ce in zo in riƙa haɗa masa, zan fara da shi kafin in ga abin da Allah zai yi. Ban yi nadama ba.

'Yarka,
Inna Ƙarama

*

Inna Ƙarama,

Amincin Allah ya tabbata gare ki. Muna nan lafiya, ina fatan kina cin abinci. Mamanki ta riga ta ji, don maganar da ta shiga kunnen Mai Aski ta shiga kasuwa. Ta zo shago ta yi min faɗa a tsaye, ta ce na cuci yarinya da taurin kaina. Da za ta tafi ta ce in gaya miki ɗakinki yana nan, amma kada ki kuskura ki koma ki roƙi manajan nan.

Ban rufe shago na gudu ba. Mai Aski ya fito da talabijin ɗinsa bakin ƙofa ya jera benci, layin nan kaf ya hallara. Ga mai shayi, ga mai faci, ga matar gidan sama da 'ya'yanta. Har da gandiroban nan na gidan yari da ya tare a ƙarshen layi, yana tsaye a baya da kakinsa, daga aiki yake. Ni ba na ganin hoton sosai, amma na san fim ɗin da kunne. Aikinki ya yi kyau, ƙarar sarƙa ta fito tar kamar yau aka ɗauka.

Aka zo ƙofar gari. Na durƙusa, kiɗanki ya shigo, sai tallan sabulu. Wuri ya ɗauki "Allah sarki!" Matar gidan sama, wadda ba ta taɓa amsa sallamata da cikakken baki ba, tana share hawaye da gefen mayafi tana cewa ashe bawan Allah ne. Mai shayi ya miƙo min kofi ya ce yau kyauta ne. Ba zan ɓoye miki ba, ya yi min daɗi. Ban san ina jin yunwar abin nan ba sai da aka miƙo min shi. Na riƙe kofin har ya fara ƙona min hannu.

Sai na ajiye. Na ce wa Mai Aski ya kashe sautin. Na ce, "Jama'a, an rage muku fim. Ku matsa ku ba ni fili."

Na kama Mai Aski na ɗaure masa hannu ta baya da tawul ɗinsa, yana cewa, "Ni kuma me na yi?" Aka fashe da dariya. Na durƙusa a gabansa da wannan gwiwar tawa, na gyara masa bel tunda shi ba ya sa mai mazagi, na daidaita masa hula. Aka yi tafi. Na dafa benci na miƙe, na ja shi tsakiyar titi, na danna kafaɗarsa ya durƙusa. Na ɗaga sandata sama da hannu biyu, na yi musu fuskar nan. Tafin ya mutu. Na sauke sandar da iya ƙarfina a ƙasa, dab da gwiwarsa, ƙura ta tashi. Wata yarinya ta ƙwalla ƙara. Mai Aski ya ce in bar shi ya rubuta cewa bai ji tsoro ba. Ya rubuta, amma ƙarya ne.

Na ce, "Haka ya ƙare. Wanda ya ɗaure mazagin shi ya yi saran. 'Yata ta bar aikinta don ta ƙi ɓoye muku wannan."

Matar gidan sama ta ja 'ya'yanta ta shige. Mai shayi ya dubi kofinsa kamar zai karɓe, bai dai karɓa ba, na shanye abina.

Washegari da safe ina jera kaya sai ga gandiroban. Ya yi sallama ya zauna a benci, ya ɗauki kwaɗo ɗaya yana buɗewa yana rufewa. Can ya ce, "Baba, tunda ka tausaya masa har ka durƙusa, me ya hana ka sake shi?"

Na ce, "Ni darakta ne ya ce in sara. Da na sara, tsohon ya tashi ya karkaɗe rigarsa, muka je muka ci abinci kwano ɗaya. Ku fa, naku suna tashi?"

Ya daɗe a zaune har lokacin tafiyarsa aiki ya wuce. Sannan ya ajiye kwaɗon a buɗe, ya ce akwai wani tsoho a hannunsu da aka ce a daina kai shi wurin likita, kuma makullin ɗakin a aljihunsa yake kwana. Ya ce bai san wa zai gaya wa ba. Na ce ai ya riga ya fara. Ya ce zai dawo gobe kafin ya wuce aiki.

Na gaya wa mai shayi ya kawo kofi biyu da sassafe, kuma ba kyauta ba.

Kawunki,
Hauni